'Yan Amshin Rediyo: Muryoyin da Suka Biyo Mu Har Duwala



Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, ranku ya daɗe. Masu unguwanni da dattawan Nubel, iyayenmu mata, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwa na Sandaga da Kasuwar Kwango da Mbopi, direbobi da 'yan kamasho, da baƙinmu da suka taso daga Garwa da Mubi da Kano da Maraɗi don wannan biki, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Waɗanda suka riga mu magana sun taɓo duwan da shingayen hanya da yadda naira ke rama a gaban sefa. Wannan ita ce maganar tuwo, kuma ba ranar daina ta. Mu kuwa kwamitin biki ya ɗora mana maganar waƙa. Mun hango wasu dattawa sun gyara zama, wasu kuma sun ɗan ɓata fuska. A yi mana haƙuri, akwai roƙo a ƙarshen maganar, kuma roƙon ya shafi wani kaya da ke ajiye a ɗakunanku.

Ba manyan mawaƙan za mu sa a gaba ba. Shata da Ɗanƙwairo ba su rasa masu yabonsu. Mutanen da ke tsaye a bayansu muke nufi, masu karɓar waƙa idan jagora ya ja numfashi, wato 'yan amshi. Shekara da shekaru muryoyinsu na fitowa daga akwatin rediyo a rumfunanmu, mun haddace abin da suke faɗa fiye da yadda muka haddace na ubangidansu, amma a cikin ɗakin nan da wuya a sami mutum biyar da za su kawo sunan ɗan amshi guda uku.

Bari mu fara da yadda wasu ƙasashe suka yi da nasu, don mu ga bambanci. A Turai, tun rediyo na jariri, gidajen rediyo suka ɗauki mawaƙa aiki na albashi, ƙungiya guda maza da mata, ba su da wata sana'a sai rera waƙa tare a gaban makirfo. BBC ta kafa tata a Landan a 1924, tun kafin a yi mafarkin sashen Hausa, wanda sai a 1957 ya fara. Suwidin da Jamus suka kafa nasu a 1925. Irin waɗannan mawaƙa takarda suke karantawa, wadda aka rubuta hawa da saukar murya a cikinta, kuma a kan raba su kashi huɗu: mata masu siririyar murya, mata masu ƙasa da ita, maza masu ɗagaggiyar murya, da maza masu kauri. Kowane kashi da hanyar da yake bi, sai a haɗu a wuri ɗaya. Abin da suke rerawa ya haɗa da waƙoƙin coci na ɗaruruwan shekaru, da waƙoƙin gargajiyar ƙasarsu da aka sake wa tsari, da sababbi waɗanda gidan rediyon ke biyan masana su tsara musu. Ana iya miƙa musu takarda da safe, da yamma su rera ta kai tsaye duniya na ji. Wannan ƙwarewar ita ake biya.

To, a watan Maris na 2023 BBC ta ba da sanarwar za ta rufe wannan ƙungiya tata mai mutum 20, saboda tsimin kuɗi, saura shekara guda ta cika ɗari. Ƙasar ta ɗauki zafi. Mawaƙa da malaman kiɗa da masu sauraro suka yi ta sa hannu a takardun koke, kafin watan ya ƙare aka janye maganar. Abin da ya ja hankalinmu a labarin shi ne mutanen can sun san abin da za su rasa. Sunan kowane mawaƙi na rubuce, ranar da aka ɗauki kowace waƙa na rubuce, faifan na ajiye a inda ruwa da ƙura ba sa kai wa.

A Legas ma an gwada wannan tsari. Gidan rediyon tarayya na NBC, wanda ya fara aiki da wannan suna a 1957, ya yi ƙungiyar mawaƙa irin ta Turai, Christopher Oyesiku ya daɗe yana jagorantarta. Amma wannan ba ita ce ta shigo kunnen Bahaushe ba.

Arewa wata hanya ta bi. Rediyo ya iso Kano a 1944 a matsayin akwati mai waya da ake kafawa a gidaje da dandali, sai abin da aka turo maka za ka ji. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe nata gidan a Kaduna, wanda daga 1978 ya koma ƙarƙashin rediyon tarayya, mu dai har gobe Rediyon Kaduna muke ce masa. Ma'aikatan wannan gida ba su sha wahalar tara mawaƙa su koya musu haɗa murya ba, domin sun tarar da ƙungiyoyi a shirye. Kowace babbar fada na da makaɗanta, kowane makaɗi na da mutanensa waɗanda suka shekara goma, ashirin, suna waƙa tare, sun san inda zai tsaya tun bai tsaya ba. Abin da ya rage kawai a kira su ɗakin ɗaukar murya, ko a ɗauki na'ura a bi su garinsu. Ashe ƙungiyar mawaƙan rediyonmu ba guda ɗaya ba ce, da yawa ce, kuma ba gidan rediyo ya haife ta ba, aro ya yi daga fada da dandali da gidan biki.

Yanzu mu dubi aikin ɗan amshi, don wasu na ɗauka maimaici ne kawai, kowa ma zai iya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya ƙarar da shekarunsa a nazarin makaɗan baka, ya nuna cewa waƙar baka tana da gindi tana da ɗiya. Gindi shi ne abin da ake komawa gare shi, ɗiya su ne abin da jagora ke kawowa tsakanin komawa da komawa. Riƙe gindi aikin 'yan amshi ne. Amma riƙon iri-iri ne, kuma duk mai tsohon kaset zai iya gwada abin da za mu faɗa yau da dare.

Ku saurari Mamman Shata. Shi kaɗai ke zuba ɗiya, yana ƙirƙira nan take, ya ga mutum ya shigo fili ya saka shi a waƙa. Mutanensa na kaɗa kalangu suna dawo da gindi yadda yake, ba ƙari ba ragi. Kamar da sauƙi. Amma ku lura, ba su san tsawon ɗan da zai kawo ba. Wani ɗan gajere ne, wani ya yi ta tafiya kamar motar da ta ɗauki hanyar Ngawundare. Dole kunnensu na kan muryarsa, hannunsu na kan kalangu, su faɗo daidai inda ya sauke, in sun yi gaggawa sun tare masa baki, in sun yi jinkiri waƙa ta yi rami. Kuma wannan ɗan lokacin da suke amshi, shi ne lokacin da yake numfasawa yana shirya abin da zai faɗa gaba. Da babu su, da babu wannan zubar da muke mamaki.

Sai ku juya kaset ku saurari makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara: Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru, Musa Ɗanƙwairo. Nan aikin ya fi nauyi nesa. Jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu mai tsawo kafin su koma gindi. Akwai wuraren da za ka ƙirga ka ga abin da 'yan amshi suka rera ya fi na jagoran yawa. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an tsara waƙar, an maimaita ta har ta zauna a bakin kowa, kafin a kai ta ƙofar fada. Ga kotso ko taushi a hannu, ga sanƙira a gefe yana jefa kirari. In ana neman abin da ya yi kama da ƙungiyar mawaƙan Turai wajen horo da shiri, to ga shi nan, sai dai su babu takarda, komai a ka yake.

Ɗanƙwairo kansa daga amshi ya taso. Sunansa Musa, ya yi wa mahaifinsa amshi, sannan ya yi wa yayansa Kurna, har ya riƙe muƙamin daudun kiɗi, wato na biyu a ƙungiya, mai jiran gado. Laƙabin ma da duniya ta san shi da shi na wani ɗan amshin mahaifinsa ne mai zaƙin murya, aka ga muryar yaron ta yi kama da tasa aka liƙa masa. Ku duba wannan abu: sunan da ya cika ƙasar Hausa, har ya rasu a 1991 ana kiransa da shi, sunan ɗan amshi ne. Shi kuma ya tashi 'ya'yansa a bayansa suna karɓa masa, su suka riƙe ƙungiyar da ya kau. Amshi shi ne makarantar. A nan ake koyon karin waƙa, da tarihin gidajen sarauta, da wanda ake zuga shi da wanda ake yi wa habaici.

Iyayenmu mata kada su ce an manta da su. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da mata take tafiya, suna kiɗan ƙwarya suna karɓa mata, kuma amshin amada na da wani gishiri da na maza ba shi da shi: guɗa, da dariya, da tsokanar juna a tsakiyar waƙa. Yawancin abin da take faɗa kuwa maganar sana'a ce, mace ta tashi ta nemi na kanta. Hajiyoyinmu masu kai atamfa da turare Kiyosi da Libarbil sun san wannan karatu tun kafin a zo ana shirya masa taro a otal. Wanda ya fita daban shi ne Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015. Shi da kuntiginsa ne kawai, kuntigin ke yi masa amshi. Waƙarsa ta karen mota kuwa, duk wanda ya taɓa kwana a kan buhunan albasa daga Marwa zuwa nan ya san ba da ka aka yi ta ba.

Me waɗannan ƙungiyoyi suka zuba a rumbun rediyo? Kashi mafi tsufa shi ne na fada, yabon sarakuna da jero asalinsu da zambo ga abokan gabarsu. Kafin rediyo, wannan waƙa ba ta wuce ƙofar fada da filin hawan salla. Talakan wani gari bai taɓa jin ta ba. Rediyo ya ɗauke ta ya kai wa mai sayar da goro a Kumasi da mai awon hatsi a Fotokol, har mutumin da bai taɓa taka Isa ba ya san Bakandamiyar Narambaɗa. Sai kashi na sana'a da jarumta: Ɗan'anace da 'yan dambe, musamman Shago, Kassu Zurmi da 'yan tauri da mafarauta, waƙoƙin noma, waƙoƙin mahauta. Sai na jama'a, inda Shata ya fi kowa faɗi, daga sarki zuwa direba zuwa attajiri, har kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999.

A cikin wannan kashi na jama'a ne tarihinmu yake, mu fatake. Attajiran da aka wasa, da me suka yi arziki? Goro, shanu, fata, gyaɗa, motocin haya. Waƙa za ta faɗi garin mutum, da ubangidan da ya yi masa jari, da hanyar da motocinsa ke bi, da tashar da ake sauke kayansa. Babu littafin da ya rubuta wannan. Wanda ke son sanin su wa suka riƙe fatauci tsakanin Kano da Gwanja da Fort Lami da Kamaru shekara hamsin da suka wuce, in bai bi ta kan waƙa ba, ya bar rabin labari.

Akwai kuma kashin da rediyo ne da kansa ya jawo shi, wato waƙar wayar da kai. Gwamnati ta gane cewa sanarwa a bakin mai karanta labarai tana shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, amma in ta zama gindin waƙa, yara ma za su yi ta yi a bakin rijiya. Lokacin yaƙin basasar Nijeriya, 1967 zuwa 1970, makaɗa sun yi wa soja waƙoƙi. A watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Tsofaffin direbobinmu na nan zaune, su za su gaya muku yadda a da in ka tsallako iyaka daga Banki ko Gamboru sai ka sauya hannu, ka kuma sauya tunani. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo. Duk waɗannan sauye-sauye an yi musu waƙa, kuma abin da ya zauna a kan mutane shi ne abin da 'yan amshi suka yi ta nanatawa. Ɗan kasuwar da ke Duwala, wanda takardar gwamnatin Legas ba za ta taɓa iso masa ba, a bakinsu ya ji cewa kuɗin da ke ɗaure a lalitarsa na gab da zama takarda.

'Yan uwanmu na Nijar za su ce nasu ya ɗan bambanta, kuma gaskiyarsu. Rediyon Nijar ya fara a 1958, aka sa masa suna Muryar Sahel a 1974. Ban da makaɗan gargajiya irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram da Mamman Gawo Filinge, zamanin Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya, aka riƙa yin gasar matasa ta ƙasa, kowace jiha ta kawo ƙungiyarta. 'Yan mata da samari su jeru sahu-sahu cikin anko, murya ɗaya ta ja, saura su karɓa, a kan haɗin kan ƙasa, da fari, da dashen itace, da illar gudun ƙauye. Rediyo ya ɗauka ya yi ta sakawa shekara ta zagayo. Wannan ya fi kusa da siffar ƙungiyar mawaƙa da ake gani a Turai, amma ko a nan, ginin na ja da karɓa ne, irin na dandali.

Mu ɗan leƙa gabas kaɗan, don mu ma 'yan ci-rani ne, labarin zai yi mana daɗi. A Sudan, inda dubban Hausawa suka zauna a kan hanyar hajji, macen da ta buɗe wa mata ƙofar waƙa a Rediyon Omdurman ita ce A'isha Falatiya, 'yar wani malami mai asali daga ƙasarmu. Falata shi ne sunan da mutanen can ke kiran duk wanda ya fito daga yamma. Ta fara a farkon shekarun 1940, 'yar uwarta na kaɗa mata garayar Larabawa, ta rasu a 1974, kuma har yau Sudan na ƙirga ta cikin manyan mawaƙanta. 'Yar zango ce kamar 'ya'yanmu.

To mu dawo gida. Nubel unguwar baƙi ce tun asali. Jamusawa suka tsaga ta lokacin da suka tashi mutanen Duwala daga bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye sarkinsu Rudolf Duala Manga Bell a watan Agusta na 1914. Kakanninmu suka sauka a nan da goro da shanu da kayan koli, suka yi masallaci suka yi zango. Gidan rediyo ya zo Duwala tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma da Faransanci yake magana. Wanda ya yi magana da mu shi ne Rediyon Garwa, da aka buɗe a 1958, mai shirye-shiryen Fulatanci da Hausa, wanda har a Adamawa da Barno da Kano ake kama shi. Sai Kaduna a kan mita 49, wadda ta fi fitowa da asuba da kuma bayan magariba. Dattawa sun san yadda ake yi: a ja eriya har ƙarshe, a ƙara mata waya a rataya a kwanon rumfa, a yi ta murɗa a hankali kamar mai ɗinkin hula. Murya ta zo ta tafi kamar igiyar ruwan Wuri. In ta tafi a tsakiyar ɗa, ba a damu ba, an san gindi na nan dawowa, kuma idan ya dawo duk rumfar ce ke karɓa tare da su. Mai ɗaure tumatir na yi, mai auna tafarnuwa na yi, har maƙwabcinmu Bamileke da ba ya jin Hausa ya iya.

Ga kuma Zaɓi Sonka. Mutum ya sayi kati ya rubuta sunansa da na abokansa, ya aika Kaduna ko Garwa, ya yi mako uku yana jira. Ran da aka karanta, aka ce wane a Nubel Duwala yana gaida mahaifiyarsa a Gezawa ko Tasawa, wannan ya fi wasiƙa, domin duk garin sun ji yana raye, kuma yana da sukunin sayen kati. Da jirgin ƙasa ya kai Ngawundare a 1974, kaya suka riƙa saukowa da sauri, kaset ma ya biyo su. Kowane direba da jakarsa, kowace rumfa da tarinta.

Wannan tarin shi ne dalilin tsayuwarmu a gabanku. Mai gabatarwa a rediyo yakan ce ga Alhaji wane da jama'arsa. Jama'arsa ke nan, an gama da su. Waɗanda suka san sunayen jama'ar nan tsofaffi ne, kullum kuma raguwa suke. Su kansu faya-fayan ba dutse ba ne. Zaren kaset yana da shekarun da yake ɗauka, kuma babu garin da ya kai Duwala cin sa. Kun san damina a nan, Yuli da Agusta rigar da aka shanya sai ta kwana uku ba ta bushe ba. Danshi na shiga kwali, fumfuna ta kama zaren, ya manne da juna, ran da aka saka shi a rediyo ya tsinke. Ga ambaliya da ke shiga ɗakuna a Makeya da Nubel, ga gobarar kasuwa da muka sha gani. Ga kuma magada: tsoho ya rasu, a zo rabon gado, a ga kwalin kaset a ƙarƙashin gado, a ce wannan tarkace ne a kai bola.

Wani zai ce ai duk suna intanet, suna cikin waya. Wasu na nan, shahararrun. Amma ku duba da kyau, waƙoƙi ƙalilan ne ke ta zagayawa, da yawa an yanke musu kai ko wutsiya, wasu an liƙa musu sunan wanda ba shi ya yi ba. Abin da ke hannunku ya fi haka. Akwai wanda ya danna rikoda ya ɗauki shiri sukutum daga Garwa, da muryar mai gabatarwa da gaishe-gaishen. Akwai wanda ya ɗauki makaɗin da aka gayyato bikin 'yarsa a nan unguwar, aka wasa mutanen Sandaga ɗaya bayan ɗaya da sunansu da abin da suke sayarwa. Wannan ba ya Kaduna, ba ya Yawunde, ba ya ko'ina sai a ɗakinku. Kuma irinsa ba za a sake yi ba, domin waƙar yanzu a situdiyo ake haɗa ta da kwamfuta, yarinya ɗaya ta yi amshi a ninka muryarta ta zama ta mutum biyar. Ba kushe muke ba, 'ya'yanmu na so, mu ma mukan taka a biki. Sana'a ce dai ta sauya, kuma makarantar da ta fitar da Ɗanƙwairo ɗalibanta sun yi ƙaranci.

Ga roƙon da muke gabatar wa shugabanni da wannan zama. Ƙungiya ta ware ɗan wani abu daga asusunta, a sayi rikoda mai kyau guda da abin haɗa ta da kwamfuta, a ɗora wa matasa biyu ko uku cikin 'ya'yanmu masu ilimin abin, a riƙa ba su ladan aikinsu. Kuɗin bai kai abin da mota ɗaya ke bari a shingaye tsakanin nan da Kusiri ba. Duk mai kaset ko faifan garmaho ya kawo aro, ba kyauta ba. A juye, a mayar masa da abinsa, a ƙara masa da kwafi a waya. A buɗe littafi a rubuta wanda ya kawo, da inda ya samo, da shekarar in ya tuna. Sannan, kuma wannan ya fi komai, a zaunar da dattawa a saka musu su saurara. Wanda ya gane muryar wani ɗan amshi, ko ya san garinsu, ko ya san attajirin da ake wasawa da hanyar da yake bi, a rubuta. Direbobinmu da ke kai wa Maradun da Musawa da Funtuwa suna iya tambayo iyalan makaɗan, a cike gurbin da ya rage.

Sharaɗi guda muke so a ɗaure tun yau: ba na sayarwa ba ne. Mu 'yan kasuwa ne, mun san yadda ido ke buɗewa in an ga kaya sun taru. Waƙoƙin nan suna da magada, haƙƙinsu ne. Abin da za mu yi ajiya ce, kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya a wajen Duwala saboda danshi da gobara, sannan a tuntuɓi jami'o'in da ke nazarin Hausa, kamar Bayero a Kano, a ba su amana.

Mun san a cikinmu akwai waɗanda tsakaninsu da kiɗa sai kallo daga nesa, kuma muna girmama matsayinsu. Ba a ce kowa ya saurara ba. Su ma in sun duba kwalayensu za su tarar da karatun tafsirin azumi da aka ɗauka daga Kaduna, da waƙoƙin Infiraji na Aliyu Namangi a bakin masu bara, da wa'azin malaman unguwar nan da suka riga mu gidan gaskiya. Danshin bai san bambanci ba, na'urar da za ta ceci wancan ita za ta ceci wannan.

Haka nan matan da ke amshi a bukukuwanmu na Nubel yau, da masu kalangun da mahauta ke kira, a ɗauke su tun suna da ƙarfi, a biya su, a sa kowace ta faɗi sunanta da bakinta a farkon ɗauka kafin a fara kiɗa.

Wanda ya koma gida ya buɗe kwali ya ga farin abu kamar gari a jikin zaren, don Allah kada ya saka shi a rediyo don gwaji, kada kuma ya shanya shi a rana. Ya bar shi a gidansa na roba, ya naɗe a takarda busasshiya, ba leda ba, ya kawo wa sakatare ranar taron wata. Masu rumfa a Sandaga da ba sa samun fitowa da safe saboda saukar kaya, za a turo yaro ya zagayo bayan la'asar.